Martani: Ba Kwanon Maƙwabta Ne Ke Gajiyar da Matan Zuru Ba

A cikin rubuce-rubucen da kan fito duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, an sami wata maƙala da ta ɗauki ƙasar Zuru a matsayin misali, inda marubucinta ya nemi gano abin da ya sa matan aure ke fitowa daga kwanakin biki a galabaice, da ciwon baya da jajayen idanu, wasu ma sai sun kwanta jinya kafin ƙarfinsu ya dawo. Amsar da ya bayar ita ce matan ne ba su iya tsara aikinsu ba, domin a ganinsa da sun dafa miya da nama tun ana saura mako guda sun zuba a firji, da ranar biki ɗumame kawai za su yi. Daga nan ya ɗora babban laifin a kan al'adar aika abinci gida-gida, wadda yake kallo a matsayin ɓarnar dukiya da ƙarfi, ya kuma ba da shawarar kowane magidanci ya taƙaita girkin biki a kan matarsa da 'ya'yansa, idan baƙi sun sauka a sayo musu daga gidan abinci. Gajiyar da ya gani gaskiya ce, kuma ya kyauta da ya ba ta muhimmanci a cikin al'ummar da ta saba lissafa wahalar madafi a cikin abubuwan da ba aiki ba. Sai dai bai gano tushen matsalar ba, shi ya sa wani sashe na shawararsa ba zai yi aiki a Zuru ba, wani sashen kuma yana iya kai iyali gadon asibiti.

Abin da maƙalar ta fara tsallakewa shi ne babu wani lokaci guda da za a kira lokacin biki a ƙasar Zuru. Masarautar, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, mazauni ce ga Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani da wasu ƙabilu, kuma abu ne sananne a tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a cikin zuriyar kaka ɗaya. Saboda haka shekarar gida ɗaya tana iya ɗaukar Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Kirsimeti da Uhola, wato bikin godiya da Dakarkari ke yi bayan an kammala girbi, kuma kowanne daga cikinsu yana zuwa da yanayinsa. Kirsimeti tana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da rumbu ke cike, sabuwar dawa da shinkafa sun shigo kasuwa, iska kuma busasshiya ce mai sanyi, wadda ke taimaka wa duk mai son adana nama. Sallah kuwa tana bin watan sama ne, tana matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, ta yadda Ƙaramar Sallah ta kama 10 ga Afrilu a 2024 da 30 ga Maris a 2025, wato tsakiyar bazara ke nan, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, matan kuma sun riga sun shafe wata guda suna girkin buɗa-baki da sahur. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, farkon damina, lokacin shuka da noman fari, ga danshi, ga ƙuda, ga tsadar tumatir. Miyar da za ta iya kwana ba ta yi tsami ba a daren Disamba ba za ta kai la'asar ba a ranar Afrilu, kuma duk shawarar girki da ba ta fara da wannan bambanci ba, to, an rubuta ta ne don wata ƙasa.

A kan batun firji ne kuskuren ya fi hatsari. Firji ba ya kashe ƙwayoyin cuta, abin da yake yi kawai shi ne rage saurin hayayyafarsu muddin sanyinsa ya tsaya ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne waɗannan ƙwayoyi suka fi yaɗuwa a cikin abinci, kuma saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye cikin zafin ɗaki. Hukumomin kula da abinci na Amurka su da kansu sun ce idan wuta ta ɗauke firji ba ya riƙe sanyin da ake buƙata fiye da kimanin sa'a 4, firiza mai cike da kaya kuma kimanin sa'a 48, da sharaɗin ba a buɗe ta ba. Duk wanda ya zauna a garuruwan Arewa ya san ɗaukewar wuta ta yini ko ta kwanaki ba labari ba ce, kuma a ƙarshen Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun haura mako guda cikin duhu. Abin tsoron shi ne miyar da ta narke ta ɗumama, wuta ta dawo ta sake daskarewa, ba ta nuna wa ido abin da ya same ta. Shinkafa ta fi kowane abinci yaudara ta wannan fuska, domin akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, mai wani irin ƙwanso da tafasa ba ta lalata shi, wadda ke farfaɗowa idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ta zuba wata guba mai sa amai, kuma sake ɗumama shinkafar ba ya karya wannan guba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo a kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a. Gidan da ke da firiza mai aiki da hasken rana yana iya bin shawarar mai maƙalar, amma irin waɗannan gidaje ba su ne yawancin Zuru ba, balle Mahuta ko Ribah ko Dirin Daji da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Zargin rashin tsari kuwa, mai maƙalar ya yi shi ne domin bai lura da cewa matan suna da nasu tsarin na shiri tun da wuri ba, wanda ya girmi firji da ƙarnuka, kuma an gina shi a kan fahimtar cewa ruwan da ke cikin abinci shi ne abincin ruɓa. Daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa da ƙasar Zuru ke da ita a yalwace, da garin kuka da busasshiyar kuɓewa da dakakken yaji, duk kayan miya ne da ake tanada watanni kafin biki. Macen da ta san Babbar Sallah za ta faɗo a watan Yuni takan sayi tumatir da tattasai tun a Fabrairu ko Maris, lokacin da amfanin noman rani ya cika kasuwa, ta yanka ta shanya, ta yadda ba za ta shiga hannun 'yan kasuwa ba a lokacin da kwandon ɗanyen tumatir ya fi ƙarfin talaka, kamar yadda aka gani a tsakiyar 2024. Cincin da dubulan da alkaki da nakiya ana gama su tun ana saura mako, domin suya da zaƙi suna tsare su. Dawar tuwo ana surfa ta, a wanke, a kai niƙa kwana uku ko huɗu kafin ranar, a baza garin ya sha iska don kada ya yi tsami, wanda hakan ke kuɓutar da yara daga dogon layin injin niƙa na ranar jajibiri. Abin da irin wannan ajiya ke buƙata shi ne mazubi mai murfi, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, ya fi tsananta a Nijeriya. Ƙullun waina ne kaɗai ba ya karɓar gaggawa ko jinkiri, domin sai an jiƙa shinkafa, an markaɗa a jajibiri, an bar shi ya kwana ya tashi, kuma gwanar tuya ta san ƙullun bazara ya fi na hunturu saurin kumbura da tsami, don haka takan rage yis, ta kashe tsamin da ɗan ruwan kanwa.

Naman layya shi ne babbar makarantar wannan ilimi. Bayan yanka da fiɗa, hanta da kayan ciki ake fara ci a ranar farko, domin su suka fi saurin lalacewa, a babbake kai da ƙafa, sauran naman kuma a rataye shi ya tsane, wanda a damina yake buƙatar a hura wuta a ƙarƙashinsa don hayaƙi ya kori ƙuda ya kuma ƙyafe bayansa. Washegari a yanyanka, a tafasa da gishiri da albasa da citta da kanumfari da masoro har ruwan ya ƙone a jikinsa, sannan a soya da kitsensa ko da man gyaɗa har kumfar mai ta kwanta, wadda ita ce alamar ruwan cikin naman ya fita. Sai an bar shi ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da ya taru a murfi ya ɗiga a kansa shi ne mafarin fumfuna, kuma ba a ɗibar sa da jiƙaƙƙen hannu. Dambun nama, wanda ake dafa tsoka ta yi laushi, a daka a turmi, a soya a kan wuta marar ƙarfi har ya bushe, yana yin makonni ba tare da ya ga sanyi ba, haka ma kilishi. Wanda ya ga wannan jerin aiki, kowane mataki a muhallinsa, ya kuma ce masu yin sa ba su san tsari ba, to, bai tsaya a madafi ya kalla ba.

Da mai maƙalar ya tsaya, da ya ga cewa tuƙin tuwo da haɗin miya ba su ne ke cin mafi yawan ƙarfin mace ba. Ruwa ne ke ci, domin wankin kayan cikin rago ɗaya da tukwanen suya da kwanukan baƙi yana shan jarkoki masu yawa, kuma a bazara ko dai a bi layin famfon burtsatse ko a jira 'yan garuwa, waɗanda su ma a ranar Sallah suke ƙaranci. Makamashi ma yana ci. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota da kuɗin niƙa da na markaɗe suka tashi, tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan itace da gawayi, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Itacen da a da ake shiga daji a samo, matsalar 'yan bindiga da ta addabi Danko-Wasagu da Sakaba ta sa shiga dajin ya zama kasada a wurare da dama. Macen da ta yini biyu a gaban murhu mai duwatsu uku tana shaƙar hayaƙi, jan idonta da tarinta da ciwon kanta ba su da alaƙa da iya tsari ko rashinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta.

A nan ne ake isowa ga ainihin abin da ya canza. Al'ummar Zuru ta daɗe da sanin cewa babban aiki na jama'a ne, kuma shaidar hakan ita ce golmo, wato tsarin da samarin Dakarkari ke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya su yi wa iyayen 'yanmatan da za su aura noma, shekara bakwai a al'adance, ga kuma gayya da Hausawa da sauran ƙabilu suka sani. Girkin taro ma haka yake, domin har gobe ba wanda ke tsammanin uwar amarya ko mai jego ta dafa abincin biki ita kaɗai. Matan unguwa ne ke zuwa, wata da tukunyarta, wata da muciyarta, wata ta kama wanke-wanke. Bambancin Sallah da Kirsimeti da bikin aure shi ne a ranar aure gida ɗaya ne ke da hidima, sauran gidaje suna da hannun da za su ara, amma a ranar Sallah kowane gidan Musulmi hidimarsa yake yi. A da wannan bai zama matsala ba, saboda babban gida yana da nasa taron a cikinsa: uwar miji tana raba aiki, facaloli da kishiyoyi suna karɓa-karɓa a bakin murhu, 'yanmata suna daka da ɗebo ruwa, samari suna faskare. Yau ma'aikaci ko malamin makaranta ko soja mai ritaya yana zaune ne a gidansa na kansa da mace ɗaya, yaran da suka tasa suna makarantar kwana ko suna wani gari, amma jerin gidajen da ake kai wa abinci bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi da abokan aiki da surukai na nesa. Ga kuma baƙin Disamba, domin Zuru ƙasa ce da ta yi suna wajen ba Nijeriya sojoji, daga ƙananan kurata har zuwa manyan hafsoshi irin su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma 'ya'yanta da ke barikoki da ma'aikatu a Kaduna da Abuja da Legas gida suke nufa a ƙarshen shekara da iyalansu. Aikin da aka tsara wa mata biyar ko shida ne ya faɗo a kan mace ɗaya, kuma wannan shi ne lissafin da maƙalar ba ta yi ba.

Idan haka ne, ana iya cewa ai shawarar rage rabon abinci ta yi daidai, tun da hannuwa sun ragu. Amsar ita ce kwanon da ke fita daga gida ba shi ne ke da tsada ba, kuma ba ya fita a banza. Duk mai girki ta san wahalar tuwo tana cikin ɗora tukunya da talge da tuƙi, ƙarin malmala goma a kan tukunyar da aka riga aka ɗora ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da ɗora wata tukunyar ta wani abinci dabam. Kwanon da aka kai kuma yakan dawo da wani abu a ciki, ta yadda gidan da ya dafa tuwon shinkafa da miyar taushe kaɗai yana iya wayar gari da waina da funkaso da dafa-duka a gabansa ba tare da ya hura musu wuta ba. Sannan akwai gidajen da kwanon ke shiga ba ya dawowa da komai, gidan gwauruwa mai marayu, da tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, da iyalan da suka baro ƙauyukansu saboda hare-hare suka raɓa a wurin dangi a cikin gari, waɗanda ba za su iya fitowa su roƙa ba, amma kwanon Sallah ko na Kirsimeti yana isa gare su ba tare da ya zubar musu da mutunci ba, domin kowa ake kai wa. A ɓangaren shari'a ma, layya ibada ce da ba a sayar da komai nata, kuma ko da yake mazhabar Malikiyya ba ta ƙayyade kason da za a ci da wanda za a bayar ba, ta so a haɗa ci da sadaka da kyauta. Ya tabbata a hadisi cewa a wata shekara da mabuƙata suka kwararo Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku domin a ciyar da su, daga baya da hali ya sauya ya ba da izinin ajiyewa. Abin lura a nan shi ne shekarar ƙunci ita ce aka ƙara buɗe hannu a cikinta.

Zuru tana da wata dama kuma da manyan biranen Hausa irin su Kano da Sakkwato ba su da ita sosai, wadda mai maƙalar ya nemi rushewa ba tare da ya sani ba. A unguwar da Musulmi da Kirista ke katanga ɗaya, ranar hidimar ɗaya ranar hutun ɗaya ce, don haka maƙwabciyar da ba ta da girkin Sallah tana da hannun da za ta kama suyar nama, tana da babbar tukunya da kasko da kula da za ta ara, ita ma idan Disamba ta zo a rama mata. Gidajen Kirista da yawa a Arewa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba, kuma ko da yake malamai sun yi saɓani a kan aika wa wanda ba Musulmi ba naman layya, inda Malikiyya suka karhanta wasu kuma suka halatta, wannan saɓani bai shafi tuwo da waina da cincin ba. Irin wannan aron hannu ba ya samuwa tsakanin gidajen da ba sa cin abincin juna. Wanda ya yanke kwano ya yanke hanyar da taimako ke biyowa, ya bar matar da yake tausaya wa ita kaɗai a madafi fiye da yadda ya same ta. Batun gidan abinci kuwa bai buƙatar dogon bayani: yawancin masu sayar da abinci a garuruwa irin Zuru mata ne da ke rufe rumfunansu a ranar biki su koma nasu murhun, kuma kuɗin da zai sayi faranti ashirin ya isa cefanen gida na kwanaki.

Akwai wurin da mai maƙalar ya kusa taɓa gaskiya, wato inda ya yi maganar ɓarna, sai dai ya nuna yatsa ga yawan masu karɓa alhali matsalar tana ga yawan launukan abinci. Girkin Sallah da aka sani a da bai wuce tuwo da miya mai kyau da nama ba, wani gidan ya ƙara waina. A 'yan shekarun nan gasa ta shigo, har ya zama gida ɗaya yana son ya fitar da tuwo da waina da sinasir da soyayyiyar shinkafa da taliya da farfesu da haɗin kabeji da lemo kala uku, kowanne da tukunyarsa da markaɗensa da wanke-wankensa, ba don ciki yana buƙata ba sai don kada a ce gidan wane ya fi. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma a zahiri abincin da aka rarraba wa hankali kashi takwas ba ya kai daɗin guda biyu da aka tsaya a kansu. Haɗin kabeji mai mayonis da soyayyiyar shinkafa su ne ma suka fi saurin lalacewa a cikin kula, domin kula ba ta dafa abinci, riƙe zafi kawai take yi na 'yan sa'o'i, daga nan abincin ya sauko cikin ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so. Saboda haka abin da ya dace shi ne a aika abinci da zafinsa da zarar an sauke, wanda aka kai wa kuma ya ci a lokacin ko ya tafasa miyar sosai kafin dare. Ta fuskar kuɗi ma jama'a suna da dabarunsu da ba su buƙatar a koya musu daga waje, irin su adashi da mata ke zubawa don kayan Sallah, da watanda, wato mutane su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya su raba namansa kashi-kashi, wanda ya fi sauƙi a kan kowa ya ci bashin abin da ba zai iya biya ba.

Babban giɓin maƙalar shi ne daga farkonta har ƙarshenta ba ta ba namiji aikin komai ba, in ban da yanke shawarar a daina rabo. Magidanta da yawa suna ganin idan sun kawo cefane sun yanka rago sun sauke nauyinsu, sai su koma zaure ko ƙofar gida karɓar barka da Sallah, samarin gidan kuma su sa sababbin kaya su fita yawo, alhali ɗebo ruwa da faskaren itace da kai niƙa da yanyanka nama da juya babbar tukunyar suya da rarraba kwanuka a kan babur duk ayyuka ne da ƙarfin namiji ya fi dacewa da su, kuma babu al'ada ko addinin da ya haramta masa su. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa, ya ɗora wa miji mai wadata nauyin samar wa matarsa mai taya ta hidima, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Al'ummar da samarinta suka iya yin shekara bakwai suna noma a gonar surukai don neman aure ba za ta rasa hujjar sa su cika randa da faskara itace na kwana biyu ba. Magidancin da ba zai iya yi da hannunsa ba yana iya ware kuɗin mai ruwa da mai faskare da mai wanke-wanke a cikin kasafin bikin tun farko, kamar yadda yake ware na tela da na rago, ya kuma tuntuɓi matar gida kafin ya gayyato abokai goma cin abincin rana, domin a gidaje da yawa ita ce ta ƙarshe da ke jin adadin baƙin da za ta ciyar, wani lokaci ma sai sun riga sun yi sallama a ƙofar gida.